Gunaguni: Ciwon da ba ya fitowa a gwajin jini

A wannan mako zan ajiye maganar allura da ƙwayoyi, in taɓo wani ciwo da ba ya fitowa a gwajin jini, amma yana cin gida kamar yadda gara take cin azara. Ciwon gunaguni nake nufi, abin da wasu ke kira mita, wasu su ce ƙunƙuni. Ni Kirista ce, kuma daga abin da na koya a addinina zan yi maganar. 'Yan'uwana Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu bibiyar wannan fili, za su ga ba baƙon zance ba ne a wajensu, domin na zauna da ku na ga yadda Alhamdulillahi ba ta barin bakinku.

Ki lura da gaisuwarmu, 'yar'uwa. A ce miki ina gajiya, ki ce ba gajiya. Ina aiki, ki ce da godiya. Yaya zafi, lokacinsa ne. Yaya ruwa, ya yi gyara, ko da a daren jiya ya kwantar miki da katanga. A bakin ƙofa dukanmu masu godiya ne. Sai an shiga cikin gida an cire mayafi, sannan miji da 'ya'ya su ji ainihin karatun. Baƙo ya sha zuma, 'yan gida su sha maɗaci.

Ba wata nake zunɗe ba, kaina nake nufi. Aikin jinya ne ya kai ni Hardawa, a ƙasar Misau, ba nisa da Azare. Maigidana malamin makaranta ne. Muna lallaɓa rayuwa har ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kuɗin mota zuwa Azare ya tashi, kwanon gero da na shinkafa suka bi sahu, albashi kuwa yana nan inda yake. Kowa ya san wannan labari, ba sai na ja shi ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda bakina ya koma. Daga asuba nake farawa: babu wuta, ruwa ya yi tsada, gawayi jiƙaƙƙe ne, kuɗin cefane ko mai ba zai saya ba, mutanen wurin aiki ba su san darajar mutum ba. Maigida ya fara daɗewa a majalisa gindin darbejiya, ba ya shigowa sai ya tabbatar na yi barci. Wannan ma ya zama sabon babi a cikin mitar.

Wata rana da yamma na dawo daga aiki na tarar da autata, lokacin tana shekara biyar, ta zaunar da 'yar tsanarta a kan turmi. Ta riƙe ƙugu, ta ja dogon tsaki, tana ce mata: "Ni na gaji da gidan nan. Babu wuta, babu ruwa, babu kuɗi, ubanku kuma ko a jikinsa." Muryata ce sak, har da yadda nake karkata kai. Yaran maƙwabta suna ta dariya. Ni kuwa sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. A satin ne kuma abokiyar aikina ta auna ni, ma'auni ya nuna 150 bisa 95. Mai auna mutane kullum, ga shi an auna ta.

Wadda ta fara yi mini hannunka mai sanda wata dattijuwa ce a Zumuntar Mata ta majami'armu da ke Azare, wadda duk muke kira Mama. Bayan an tashi daga taro, an ajiye tulu da kacau-kacau, na zauna kusa da ita na zazzage mata kwandon ƙorafina kaf. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "'Yata, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma wannan wasiƙa taki, wa kika rubuta wa? Yarinya 'yar shekara biyar ce za ta kawo wuta, ko ita za ta rage kuɗin mai?" Na yi shiru. Ta ce: "Wasiƙar da ba adireshi, gidan mai ita take komawa." Daga nan ta ce in je in sake karanta labarin Isra'ilawa a jeji, in dawo in gaya mata abin da na gani.

Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba a kansa, kuma kalmar gunaguni tana cikin kalmomin da duk wanda ya tashi da Littafin ya saba ji, musamman a Littafin Fitowa da Littafin Ƙidaya. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa ƙirga kwanakin ba sai a wannan karo. Mutanen nan sun haye teku da ƙafa, suka ga rundunar Fir'auna ta nutse, mata suka fito da ganguna suna rawa. Kwana uku kacal bayan haka, da suka isa Mara suka tarar ruwan wurin yana da ɗaci, sai gunaguni ya tashi a kan Musa. Kwana uku! Wata ɗaya da barin Masar suka sake tayar da wani a kan abinci, aka ba su manna kowace safiya. Can gaba, a sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya, mannar ma ta gundure su, suka zauna suna kuka suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa.

Wannan wuri ne ya fi tsaya mini a rai. Sun tuna albasa, sun manta bulala. Sun tuna kifi, sun manta tubalin da aka tilasta musu yi ba tare da an ba su ciyawa ba, sun manta jariransu maza da aka ba da umarnin a jefa a kogi. Haka gunaguni yake yi wa ƙwaƙwalwa: ya wanke jiya ya shafa mata turare, ya shafa wa yau baƙin tukunya. Ni ma a lokacin kullum zancena garin da muka baro, na manta a can ɗaki ɗaya muke haya, kuma kowace damina sai mun kwashe ruwa da bokiti.

Sannan ki duba inda gunagunin nasu yake zuwa. A cikin tantuna ake yin sa, tsakanin maƙwabci da maƙwabci, yana yaɗuwa kamar ƙyanda. Ba roƙo ba ne, ba neman mafita ba ne. Ƙishin ruwansu gaskiya ne, yunwarsu gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya suke yi. Amma maimakon su kai kukan inda za a share musu hawaye, sai suka mai da shi tuhuma, cewa an fito da su ne don a kashe su a jeji.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, domin a nan ake yawan cutar da mata da sunan addini. Akwai masu wa'azin da suke karanta labarin nan su ce ma'anarsa ita ce mai bi na ƙwarai ba ya buɗe baki, kome aka yi masa ya ce na gode. Ban yarda da wannan ba, kuma Littafin ma bai ce haka ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne, mutum yana tambayar Allah har yaushe. Akwai littafi guda sukutum mai suna Makoki. Ayuba ya yi magana har ya la'anci ranar da aka haife shi. Hannatu, wadda kishiyarta Feninna ta sa ta gaba da gori saboda rashin haihuwa, ta je ɗakin sujada a Shilo ta yi ta kuka leɓunanta na motsi, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu ne. Ba a tsawata wa Hannatu don ta yi kuka ba. Ta san inda ta kai kukanta.

A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko a Urushalima, domin ana tsallake gwaurayen mata masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wa matan su yi haƙuri su gode wa Allah ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, aka damƙa musu rabon. Da maganar ta fito daga lungu ta isa gaban masu iya gyara, sai ta zama gyara.

Wanda ya fi burge ni shi ne Bulus a birnin Filibi, a sura ta 16. An yi musu dūka shi da Sila, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabon Allah, sauran fursunoni na saurare. Gari na wayewa mahukunta suka aiko a sake su su tafi salin alin. Bulus ya ƙi. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, don haka mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Bakin da ya yi godiya da dare, shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe. Kuma wannan Bulus ɗin ne daga baya, yana tsare a wani kurkukun, ya rubuta wa mutanen Filibi yana gargaɗinsu su bar gunaguni da gardama. Saboda haka in aka ce miki godiya tana nufin ki haɗiye zalunci, ki tuna da mutumin nan.

To me ya haɗa wannan da lafiya? Jiki ba ya bambance tsakanin haɗarin da ke gabanki da wanda kike ta nanatawa a zuci. Duk lokacin da kika sake ɗauko ɓacin rai kika juya shi, jiki yana sakin sinadaran tashin hankali, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, barci ya gudu. Sau ɗaya ba komai. Amma a ce kullum ne daga asuba zuwa dare, ga gishiri da dunƙule a miya, ga gadon hawan jini a dangi, kin ga an tara wa zuciya kaya.

A shekarar 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun wallafa wani bincike da ya yi suna. Sun raba ɗalibai gida uku. Kashi na farko suna rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, na biyu abubuwa biyar da suka dame su, na uku kuwa abubuwan da suka faru kawai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi sauran jin daɗin rayuwarsu da kyautata zato ga gobe, sun fi ƙarancin koke-koken ciwon jiki, har motsa jiki sun fi masu rubuta damuwa yi. Amma in faɗa miki gaskiya a matsayina na ma'aikaciyar lafiya: binciken da aka yi ta yi daga baya sun nuna amfanin yana nan, sai dai ba mai yawa ba ne ga wanda ciwon damuwa ya riga ya kama. Godiya ba ta maye gurbin magani. Ni har yau ina shan ƙwayar hawan jinina kowace safiya.

Ta fuskar zaman aure kuma, John Gottman na Jami'ar Washington, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata suke magana da juna, ya bambanta ƙorafi da suka. Ƙorafi shi ne ki ce: jiya ba ka bar kuɗin gawayi ba, na rasa yadda zan yi. Suka ita ce ki ce: kai dama ba ka taɓa damuwa da mu ba. Na farko yana da ƙofar gyara, na biyu hukunci ne aka yanke wa mutum. Ya kuma lura cewa auren da yake ɗorewa, ko a lokacin saɓani, kyawawan kalamai da alamu sukan ninka munana kamar sau biyar. Da na auna kaina da wannan ma'auni, na ga nawa lissafin a juye yake.

Littafin Karin Magana ya kwatanta mace mai mita da ɗigon ruwa daga rufi ranar da ake ruwan sama, maza kuma suna son wannan aya ƙwarai. To maigida, kai ma matso kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidaje da yawa yoyon daga wajenka yake. Ka shigo ba sallama mai daɗi, miya ta yi gishiri, yara sun cika surutu, tuwo ya yi ruwa, ka kwashe awa biyu a majalisa kana zagin gwamnati sannan ka kawo ragowar cikin gida. Yaushe rabonka da ka ce wa matarka sannu da aiki, abincin nan ya yi daɗi? A cikin kutare goma da Yesu ya warkar, a sura ta 17 ta Luka, ɗaya ne tak ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye, baƙo. Ina zaton sauran taran ma sun ji daɗi a ransu. Ba su dai dawo sun faɗa ba. Yawancinmu a gida cikin taran nan muke.

Abin da muka yi a gidanmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Na samo gwangwanin madara babu komai a ciki, na ajiye kwanon wake kusa da shi. Bayan tuwon dare, kafin addu'a, kowa zai ɗauki ƙwayar wake ɗaya ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kansa a wannan rana, ya jefa. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ba a yarda da "na gode da komai" ba, sai ka kama sunan abin: an kawo wuta na yi guga, mai jegon da ta zubar da jini ta farfaɗo, Malam ya yaba rubutuna. Na biyu, in abin ta hannun mutum ya zo, gobe sai ka je ka gaya masa da bakinka. Makon farko da ƙyar nake samun abin faɗa, ina jefa waken ina jin kamar wasan yara nake. Maigida ma dariya ya yi ta yi mana daga bakin ƙofa. A mako na uku ya fara shigowa da wuri, wai don kada a yi ba shi.

Ƙorafi kuwa ban daina ba, na dai sa masa doka. Kafin in buɗe baki sai in tambayi kaina: wa zai iya gyara wannan? In maigida ne, sai yara sun kwanta, kuma magana ɗaya tak, ba na haɗo ta da laifin bara. In na wurin aiki ne, in rubuta in kai wa shugaba. In babu mai iya gyarawa sai Allah, to in durƙusa in gaya maSa yadda yake, ba kwaskwarima. Abin da ba ya cikin ukun nan, in bar shi ya wuce. Ba kullum nake cin nasara ba. Akwai ranakun da autar tawa takan ce, "Mama, wannan wa kika rubuta wa?" domin ta ji labarin wasiƙar.

Jarrabawar ta zo a watan Agustan 2024, lokacin da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, gonaki da gidaje da dama suka tafi. Katangar ɗakin girkinmu ta faɗi cikin dare, buhun geronmu ya jiƙe. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da yarana ke kira Inna, ta buɗe mana ɗakinta muka kwana uku. A daren farko yaran suka ce ba a ɗauko gwangwani ba. Inna ta tambayi ko na mene ne, da aka yi mata bayani sai ta miƙo kwanon sha da 'yan ƙwayoyin gyaɗa, ta ce a fara da ita. Ta ce Alhamdulillahi katanga ta faɗi waje ba ciki ba. Washegari kuma ita ce ta tura ɗanta tare da maigidana wurin mai unguwa a kan magudanar da ta toshe, aka tara matasa aka yashe ta. Da kaka ta yi, ranar godiya a majami'a, masu gona suka kawo damman gero da dawa da kaji, mu kuma muka kai gwangwani huɗu na wake a matsayin baikonmu.

Kafin in rufe, akwai mitar da ba hali ba ce, ciwo ce, kuma wake ba ya maganinta. In kin ga mutum, ko ke kanki, ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so a da ya daina ba shi sha'awa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, kullum ciwon kai da ciwon jiki amma gwaji bai nuna komai ba, to wannan yana iya zama ciwon damuwa. Yakan kama mata bayan haihuwa, sai a ce mai jego ta cika raki ko ba ta da godiyar Allah. Kada a yi mata wa'azi, a kai ta asibiti. In kuma ta fara zancen gara ta mutu, a ranar za a kai ta, kada a bar ta ita kaɗai. A yankinmu ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, su tura ta babban asibitin tarayya da ke Azare in da buƙata. Haka nan matar da ake dūka, ko aka hana ta abinci da magani, kada kowa ya rufe mata baki da sunan godiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: ta gaya wa iyayenta, ta gaya wa fasto ko liman, in abin ya ƙi ta kai gaban hukuma.

Wanda kuma ya haura shekara 40, ko yake da mai hawan jini a dangi, ya je a auna shi a wannan mako ko da ba ya jin komai. In ma'auni ya kai 140 bisa 90 a awo biyu a ranaku daban-daban, a ga likita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yawan gishirin da ya kamata ya shiga tukunyar gida mai mutum takwas.